Wanda ya rubuta The Milkmaid wane ne, kuma ta ina marubucin fim ke bi ya yi suna?

Ɗan Kusugu, Daura:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni, kuma ina so waɗanda suka san harkar su ba ni amsa tsakani da Allah. Kun san dai fim ɗin Mai Martaba a nan garinmu Daura aka ɗauke shi, kuma shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ta tura gasar Oscar, lokacin mutane a nan sun yi ta murna ana cewa ai wannan ne karon farko da fim ɗin Hausa ya kai wannan matsayi. To sai wani abokina da ke karatu a Zariya ya ce mani a'a, akwai wani da ya riga shi mai suna The Milkmaid, wai shi ma da Hausa aka yi shi, kuma wanda ya rubuta ya ba da umarni ba ma ɗan arewa ba ne, wai ma'aikacin banki ne ya ajiye aikin ya kama fim.

Abin ya tsaya mani a rai wlh. Wane ne mutumin nan? Da gaske ne daga banki ya fito? Ta yaya wanda ba da Hausa ya tashi ba zai rubuta fim ɗin Hausa har ya kwashi lambobin yabo, mu da muke da masana'anta guda tun 1990 ba mu kai can ba sai daga baya?

Dalilin tambayar shi ne ni ma ina ɗan taɓa rubutu, ina da labarai a littattafan rubutu da wasu a waya, na gama difloma ina zaune ba aiki sai ɗan taimaka wa yayana a shago, kuma babban burina a ce wata rana an ɗora kyamara a kan labarina. Amma duk fim ɗin da na kalla sunan jarumi ake riƙewa, in an yi sa'a a san darakta, shi kuwa wanda ya zauna ya ƙirƙiro labarin ko a majalisa ba ka jin an ambace shi. Shin marubucin fim yana cin abinci da rubutunsa kuwa a ƙasar nan? Kuma ita lambar yabon nan tana canza wa mutum rayuwa ko dai hoto ne kawai a Facebook? Na gode.

Malam Sada, Ƙofar Soro, Katsina:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya faɗi daidai. Sunan mutumin Desmond Ovbiagele, ɗan kudu ne, kuma da gaske ne a harkar banki ya yi shekaru, ɓangaren zuba jari, kafin ya ajiye. Amma kada ka ɗauka daga sama rubutun ya faɗo masa, mahaifiyarsa Helen Ovbiagele marubuciya ce sananniya, 'yar jarida ce a Vanguard kuma tana cikin waɗanda suka rubuta littattafan nan na Pacesetters da mu da muka yi sakandare a da muka yi ta karɓa-karɓa a aji. Wato gidan rubutu ya tashi. Fim ɗinsa na farko Render to Caesar ya fito a 2014, da Turanci ne, labarin 'yan sanda da masu laifi a Legas, shi ya rubuta kuma ya shirya. Daga nan sai shiru, bai sake fitar da wani ba sai 2020. Ka lura da wannan tazarar da kyau, shekara 6 tsakanin fim da fim, domin a ganina rabin amsar tambayarka tana nan.

Inda labarin ya samo asali shi ya fi burge ni. Ka ɗauko naira goma ka juya bayanta, za ka ga matan Fulani biyu ɗauke da ƙwaryar nono. Duk mun riƙe takardar nan mun sayi ruwan leda da ita ba mu taɓa tsayawa mun kalle su ba, shi kuwa ya kalla ya tambayi kansa, yanzu idan 'yan tada ƙayar baya suka faɗa wa rugar matan nan yaya rayuwarsu za ta koma? Daga wannan tambayar ya gina labarin 'yan uwa mata biyu, Aisha da Zainab, masu tallan nono, aka kai wa ƙauyensu hari aka kwashe su, ɗaya ta samu ta kuɓuta amma ta kasa zama sai ta koma neman 'yar uwarta, ta je ta tarar ita kuma zuciyarta ta riga ta saje da mutanen da suka sace su. Nan ne ciwon labarin yake. Anthonieta Kalunta ce ta fito a Aisha kuma shi ne fim ɗinta na farko, Maryam Booth tamu ta Kannywood ta fito a Zainab, Gambo Usman Kona ya fito a Dangana. A jihar Taraba aka ɗauka, shi ya sa za ka ga tsaunuka da korayen filaye kamar ba Najeriya ba. Mafi yawan maganar da Hausa ce, da ɗan Fillanci da Larabci.

Bai sha da daɗi ba wajen hukumar tace fina-finai ta ƙasa, sai da aka sa ya yanke kimanin minti 24 saboda abubuwan da suka taɓa addini kafin a ba shi izini. A Disambar 2020 kuma a gasar AMAA, wadda ta haɗa fina-finan Afirka baki ɗaya, an sa shi a rukuni 8 ya ci 5, ciki har da fim mafi kyau na shekara, da mafi kyau a harshen Afirka, da mafi kyau daga Najeriya, da kwalliya, sannan Maryam Booth ta ɗauki kambun mataimakiyar jaruma. A watan ne kuma aka sanar shi Najeriya za ta tura Oscar.

Abin da ya sa Hausar ta yi masa rana shi ne abin da ya faru shekara guda kafin nan. A 2019 Najeriya ta tura Lionheart na Genevieve Nnaji, aka cire shi daga gasar saboda Turanci ya yi yawa a ciki, Inyamurancin da ke ciki bai wuce minti goma sha kaɗan ba, ita kuwa dokar rukunin fina-finan ƙasashen waje da ake tura su ta ce dole fiye da rabin maganar ta kasance ba da Turanci ba. Ka ga ke nan abin da wasunmu ke raina wa, wato yin fim da harshenmu, shi ne ma sharaɗin shiga.

Game da cewa ba Bahaushe ba ne, ni ban ga abin jin haushi ba. Ya nemi masu harshen ya yi aiki da su, ya ba labarin lokacinsa. Hausa ai ba ta taɓa korar baƙo ba.

Maman Ilham, Ƙofar Marusa, Katsina:

Malam Sada Allah ya ƙara ilimi, bayaninka ya fito tas. Amma ni fa ina da ja a kan wani abu, kuma ka yi haƙuri da ni. Ka shiga unguwarmu gida gida ka tambayi mata wa ya ga The Milkmaid, wlh da ƙyar ka samu mutum ɗaya, amma ka ce Labarina ko Daɗin Kowa ko Izzar So, har kaka mai jiƙa za ta ba ka labari daga farko. To wanne ne sunan? Wanda alƙalai suka zauna a wani ɗaki suka ba ka, ko wanda matar da ke tuka tuwo ta ajiye muciya don kada wani wuri ya wuce ta? Ni ba raina aikin bawan Allahn nan nake ba, na samu na kalla a wayar ƙanwata kuma na yi kuka, musamman wurin da 'yan uwan suka sake haɗuwa amma kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Sai dai abin da ke damuna shi ne labarin matanmu ne, da harshenmu, amma mu da aka yi don mu mu ne na ƙarshen gani.

Kuma tunda ana maganar marubuci mai shirya fim, kada a manta muna da namu tun kafin wannan. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, da ƙyar da naci ta koma ta nemi ilimi, ta zo ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila, littattafan da suka sa maza da yawa suka ji kunyar abin da suke yi a gidajensu. An mai da Alhaki fim a 1998, a 2012 kuma aka fassara shi da Turanci aka buga a Indiya, yanzu har jami'o'in waje ana karanta ta. Daga baya ta rubuta ta kuma shirya Juyin Sarauta, fim na zamanin da, wanda aka kashe wa kuɗi da lokaci wajen sutura da kayan sarauta da irin Hausar da ake yi a fada. Wannan matar ba banki ta fito ba, ba ta da digirin ƙasar waje, daga cikin gida ta fito irin namu. Shi ma Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fito a fim ɗin, marubuci ne kuma ɗan fim, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta MON a 2014. Don haka ɗana Ɗan Kusugu kada ka ce sai ka zama wani kafin a ji ka.

Abu na biyu kuma shi ne ya fi ci mani rai. Malam ya ce a Disambar 2020 aka ba fim ɗin lambobin nan. Mu 'yan Katsina ai ba za mu manta watan nan ba, ranar 11 ga wata aka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da dare aka kora yara sama da 300 cikin daji, iyaye suka kwana a bakin get suna kuka har kusan mako kafin a sako su. Wato lokacin da ake tafa wa fim kan sace mutane, mu a nan abin a ƙofar gidanmu yake faruwa. Yau shekaru nawa, je ka Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Faskari, ko ma kada ka je ko'ina ka tsaya bakin titi a cikin Katsina ka ga matan da suka baro ƙauyukansu da goyo, kowace ɗaya in ta buɗe baki labarinta ya fi ƙarfin duk wani fim da muke kallo. Wa ya rubuta? Kullum dai ɗan mai kuɗi ya ga 'yar talaka, uwar miji ta ƙi, kishiya ta je wurin boka. Kuma namu ya sha bamban da na fim ɗin can, nan ba wa'azi ake fakewa da shi ba, shanu ne da gona da kuɗin fansa da ramuwar gayya tsakanin mutanen da jiya kasuwa ɗaya suke ci, Bahaushe da Bafulatani duk an cutu duk kuma akwai mai laifi a ciki. Wanda zai rubuta wannan bai zalunci kowa ba dole ya zama ya san rugar ya san garin. Ba ɗan Legas zai zo ya yi mana wannan ba, kuma bai kamata mu zauna jiransa ba.

Abba Edita:

Slm. Ni dai a cikin harkar nake, ina haɗa hoto, na yi aiki Kano na yi Kaduna yanzu na dawo gida Katsina ina ɗan yin na biki da tallace-tallace, don haka bari in gaya maka yadda abin yake a lokeshan ba yadda ake faɗa a hira ba.

Aboki gaskiyar magana marubuci shi ne wanda aka fi raina wa a layin, shi ake fara nema kuma shi ake fara mantawa. Furodusa zai kira ka ya ce yana da jarumi wane da jaruma wance na kwana kaza, ka haɗo mani labari kafin Juma'a, wato ba labarin ne ya nemo jarumai ba jaruman ne aka nemo wa labari, to ta ina zai yi kyau? An sha zuwa lokeshan sikirif ɗin bai cika ba, darakta na ɗaukar fitowa ta biyar marubuci na gefe a kan benci yana rubuta ta shida a waya, wani lokacin ma a ce wa jarumi kawai ka san dai abin da ake so ka faɗa da bakinka. Ni da nake zaune gaban kwamfuta ni nake ganin ɓarnar, sai ka ga mutum ya mutu a kashi na uku a kashi na tara ana gaishe shi a waya, sai mun yi ta dabara muna yankewa. Akwai wani yaro da na sani mai basira sosai, ya ba wani furodusa labari, kuɗin da aka ba shi bai kai na buhun shinkafa ba, fim ya fito ya karɓu, da aka zo rubuta sunaye sai ga sunan furodusan a wurin labari, shi ko godiya ba a sa shi ba, kuma ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna. Yanzu waya yake gyarawa.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda suka tsaya har sunansu ya zama abin talla, irin su Yakubu M. Kumo da Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, kuma zuwan Arewa24 a 2014 ya taimaka sosai don su suna zaunar da marubuta ne a tsara labari tun kafin a kunna kyamara, shi ya sa ka ga Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka daɗe ba su watse ba. Aminu Saira ma abin da ya bambanta shi ke nan, yana girmama takarda.

Batun me ya sa ba mu kai can da wuri ba, kuɗi ne da lokaci da sauti. Da kasuwar faifai ta mutu masu tura fim a waya suka karɓe, furodusa ya daina iya mai da kuɗinsa, kowa ya koma YouTube yana fim mai dogon zango, kuma YouTube ba ya jira, duk mako sai ka saki sabon kashi in ba haka ba masu kallo su koma wata tasha. Izzar So a tashar Bakori TV tun 2020 yake jan miliyoyin masu kallo, wannan nasara ce babba kuma ina alfahari da ita, amma wanda ke gudun sakin kashi duk mako ba zai iya zama shekara biyu kan labari ɗaya ba. Su kuma alƙalan gasa abin da suke fara ji shi ne sauti, in janareta na kuka a bayan magana ko murya ta sha bamban da motsin baki an gama da kai tun minti biyar na farko, sai haske, sai fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, wadda mu a nan ake ba duk wanda aka ga yana ɗan jin Turanci ya yi a dare ɗaya. Da a ce ƙauyen fim ɗin da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa ta jihar Kano a 2016 bai rushe ba saboda surutun da aka yi, wataƙila da yanzu muna da wurin koyon waɗannan abubuwan a kusa. Yanzu sai dai Jos, makarantar koyon fim ta ƙasa tana can ƙarƙashin hukumar fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ya zama shugabanta a Janairun 2024. In kana da hali ka nema, difloma ɗinka za ta yi maka amfani.

Lambar yabo kuwa ba ta zuwa da buhun kuɗi, kar a ruɗe ka. Abin da take yi shi ne in ka shiga ofis neman mai zuba jari a ba ka kujera a saurare ka. Wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa tsayuwa a bakin ƙofa.

Baba Malam, Daura:

Yaro, Allah shi yi maka albarka da wanga tambaya. Jikata ce ke rubuta mani ina faɗa. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma ina so in tuna maku wani abu da ku yaran yanzu ba ku cika waiwaya ba. Rubutun ƙagaggen labari da boko a ƙasar Hausa, ƙasar Katsina na da babban rabo a cikinsa. Gasar rubutun da aka yi a 1933 wadda Baturen nan Rupert East ya shirya, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya rubuta Shehu Umar. To shi wanga Shehu Umar, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976, tun ba a san za a yi wani abu wai shi Kannywood ba. Ka ga tafiyar, daga alƙalami zuwa dandali zuwa majigi, fiye da shekara 40. Har yau kuwa in an ce Shehu Umar sunan wanda ya rubuta ake fara kirawa. Saboda haka raina marubuci sabon abu ne, ba gadonmu ba ne.

Kuma kai da kake Daura, kullum kana wuce rijiyar Kusugu, labarin Daurama da Bayajida da sarauniyoyin da suka mulki garin nan kafin maza yana hannunka, tsofaffin da suka san bakin zaren suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa zama da su kana rubutawa. Masu Mai Martaba ba don banza suka baro Kano suka zo nan ba, ginin ƙasa da dawaki da fada suka biyo, mu kuma muna zaune a kai.

Malam Sada, Ƙofar Soro, Katsina:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hajiya Maman Ilham ban ƙi maganarki ba ko kaɗan, fim ɗin da mutanensa ba su gani ba aikinsa bai kammala ba, sai dai ni ban ɗora wa marubucin laifin duka ba, ina sinimar da za a haska shi a Katsina ko Daura? Wanda ya kashe miliyoyi ba zai saki fim ɗinsa kyauta a tura a waya ba, mu kuma hanyar da muka saba ke nan. Tunda ministar al'adu da tattalin arzikin fasaha da aka naɗa a 2023, Hannatu Musawa, 'yar jihar nan ce, ai da wannan ya kamata 'yan fim ɗinmu su riƙa tunkarar ta, wurin haskawa mai tsafta da iyali za su iya shiga, kafin a zo maganar kai fim Amurka.

Sannan ƙanena akwai abin da ya kamata ka rarrabe don ana yawan cakuɗa shi. Tura fim Oscar daban, shiga cikin 'yan takara daban. Kowace ƙasa kwamitinta ke zaɓar fim ɗaya ta aika, ƙasashe sama da 80 ke aikawa, a tace a bar 15, a sake tacewa a bar 5, su ne 'yan takara. The Milkmaid bai shiga 15 ba, a shekarar fim ɗin Denmark ne ya ci. Mai Martaba na Prince Daniel da ake kira Aboki shi ma bai shiga ba, na Brazil ne ya ɗauka a 2025. Har yau babu fim ɗin Najeriya da ya kai cikin biyar ɗin nan. Amma ka duba, tsakanin 2020 da 2024 fim 3 kacal ƙasar ta aika, don a 2021 da 2022 ba a aika komai ba, a 2023 aka aika Mami Wata na C.J. Obasi, wato biyu cikin ukun da Hausa ne. Shi kuma Aboki daga rediyo ya fito a Kano, labarin masarautar Jallaba a matsayin wasan kwaikwayon rediyo ya fara kafin ya zama fim da su Adam A. Zango. Ɗaya daga banki, ɗaya daga rediyo, Hajiya Balaraba daga littafi, duk cikinsu ba wanda ya fara da kyamara.

Ɗan Kusugu, Daura:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba a gaida jika da ta taya mu rubutu. Mama maganarki ta Ƙanƙara ta hana ni barci jiya. Akwai wata baiwar Allah daga wajen Batsari da ke zaune a gidan maƙwabtanmu da 'ya'yanta tun da aka kashe mijinta a gona, tana yi wa mutane wankau da surfe, ina jin ta wani lokaci tana ba Innarmu labari, ban taɓa kawo wa raina wannan abin rubutawa ba ne sai yanzu. Ina so in ajiye na soyayyar da nake kai in gwada wannan. Yaya Abba dan Allah ya ake tsara shi a takarda yadda darakta zai karɓa, kuma ya zan yi kada abin da ya samu yaron nan ya same ni?

Abba Edita:

Fara da shafi ɗaya tak, labarin gaba ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da zance ba, in bai kama mutum a shafi ɗaya ba ko ka yi ɗari ba zai kama ba. Daga nan ka raba shi fitowa fitowa, kowace ka rubuta a ina ne, ciki ko waje, dare ko rana, su wa ke wurin, me ido zai gani, sannan maganar ta zo a ƙarshe kuma ka rage ta, abin da fuska za ta iya nunawa kar ka sa a baki. Ka riƙa tuna kuɗi, in ka rubuta an ƙona ƙauye da babura hamsin ba mai ɗauka, amma mace da 'ya'yanta a ɗaki suna jin ƙarar baburan daga nesa, wannan ko da ƙaramar kyamara za a yi kuma ya fi tsoratarwa. Kar ka tura wa kowa cikakken sikirif ta WhatsApp, shafi ɗayan nan za ka nuna, ka kuma tura wa kanka cikakken ta imel don kwanan wata ya zauna. In an zo ciniki a rubuta a takarda da shaidu biyu, nawa ne, yaushe za a biya, kuma sunanka zai fito a matsayin marubuci a farkon fim ba can ƙarshe da ake gudu da sunaye ba. In ka gama shafin ka yi mani magana ta inbos in duba maka.

Maman Ilham, Ƙofar Marusa, Katsina:

Ɗana kafin duk wannan, ka sa Innarku ta nemi izininta tukuna, kai namiji ne ba komai za ta iya faɗa a gabanka ba, akwai abin da sai mace da mace. In ta ce a'a ka bar ta. In ta yarda ka canza sunanta da na ƙauyen da na mijin, don waɗanda suka yi abin suna nan da ransu kuma suna da waya. In Allah ya sa an sayi labarin ka cire mata nata kason ka kai mata har gida.